Yadda Muka Kai Mai Tulu Yamai

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A islamiyya an tambaye ni, a gidan biki an tambaye ni, har maƙwabciyarmu da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba ta leƙo ta katanga ta ce, "Ma'u, wai da gaske wasan yara ne ya kai ki ƙasar waje?" Kowa sai in gutsura masa kaɗan, har na fara jin labarin yana narkewa a bakina kamar alewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Amma kafin mu hau mota, sai kun san mai tulu.

Ni da ƙawata Nkiru muna ƙera wani wasan kwamfuta da ake kira Rijiyoyi. Ni 'yar Fagge ce, ita 'yar Sabon Gari, tafiyar ƙafa ce tsakanin gidajenmu, amma sai a jami'a muka haɗu, a ajin koyon rubuta manhaja. Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen tsiya. Ba mu muka fara wasan ba. Yayanta Obinna ne, wanda ya yi fama da ciwon sikila tun yana ƙarami. Da ya rasu sai ya bar mata kwamfutarsa da wasan bai ƙare ba, ita kuma ta jawo ni.

A cikin wasan kana da ayarin 'yan ƙananan mutane masu garkuwa da sanduna, kana tura su su ƙwace rijiyoyi daga hannun abokin karawarka. A sauran wasanni irinsa, wanda ya fi tara mutane a wuri shi ke ƙwace wurin. Obinna bai yarda da haka ba, ya sa dokoki biyu nasa. Ta farko, rijiya ba ta zama taka sai mai tulu ya iso ya ɗebi ruwa. Mai tulun nan wani siriri ne da ya zana da hannunsa, tafiyarsa a hankali, kullum shi ne na ƙarshe. Ta biyu, ayari ba ya shiga wajen rijiya sai kowa ya iso. Duk wanda ya san Obinna ya san inda dokokin nan suka fito.

To a nan matsalar take. Filin wasan a yanke yake gida-gida kamar na dara. Kowane ɗan mutum, kafin ya ɗaga ƙafa, sai ya lissafa gidajen da zai taka har inda za shi, ya zaɓi hanya mafi sauƙi, ya kauce wa duk gidan da akwai wani abu a ciki. Kowace rijiya kuma tana cikin katanga mai ƙaramar ƙofa. Masu garkuwa sai su riga isa, su tsaya a bakin ƙofa suna jiran mai tulu, su cika ta maƙil. Shi kuma daga nesa sai ya yi lissafinsa, ya ga babu hanya, domin a idonsa 'yan uwansa da katanga duk ɗaya ne. Sai ya tsaya cak, yana juya kai hagu da dama. Suna jiransa, yana jiransu, har cajin kwamfuta ya ƙare.

Mun gwada dabaru. Mun faɗaɗa ƙofa, wasan ya rasa daɗi. Mun sa masu garkuwa su jira a nesa, abokan gaba suka riƙa tsince su a fili. Wata rana na ce mu bar mai tulu ya riƙa ratsa jikinsu kawai ya wuce. Nkiru ta dube ni ta ce, "Ba fatalwa ba ne, Ma'u." Ban sake kawo maganar ba.

Ana haka aka gayyace mu wani ɗan taro a Yamai, na matasan Afirka ta Yamma masu ƙera wasanni, inda kowa zai ajiye nasa baƙi su buga. Nkiru ta yi kwafi na biyu na wasan, ta cire mai tulu da dokokinsa. Wannan kwafin yana tafiya sumul, kamar na kowa.

"In muka isa ba mu gyara ba, shi zan nuna," in ji ta. "Ba zan tsaya ina kallo ana yi wa aikin Obinna dariya da Faransanci ba."

Na san ta. In ta nuna wa duniya wasan babu mai tulu, ba zai sake komawa ciki ba.

Da muka je sallama, mahaifiyarta, wadda ni ma Mama nake kiranta, ta cika mana leda da cincin da soyayyen nama. Ba ta san da kwafi na biyu ba. Ta shafa jakar kwamfutar ta ce, "Ku kai shi ya ga gari. Bai taɓa wuce Zariya ba." Nkiru ta sunkuya tana gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Abbana kuwa cewa ya yi ba inda zan je sai da babba. Ya kai mu Kantin Kwari ya danƙa mu hannun Hajiya Gambo ta Rijiyar Lemo, wadda ta daɗe tana sarin atamfa a shagonsa tana kaiwa Nijar. Mace ce ƙaƙƙarfa mai haƙorin Makka, muryarta tana riga ta shiga layi.

"Alhaji, amana biyu ka ba ni ko ɗaya?" ta tambaya tana duban Nkiru.

"Biyu, Hajiya. Waccan ma tawa ce."

"To waccan na ga idonta a buɗe yake. Taka ce nake tsoro. Dubi yadda take kallon rufin kwano kamar an rubuta mata wani abu a jiki."

Muka kama hanyar Katsina a wata mota da dilolin atamfa suka fi fasinja samun wurin zama. Ba mu kai Bichi ba Hajiya ta gama sanin sunan kakan kowa. Ta juyo daga gidan gaba ta ce, "Ke 'yar Sabon Gari, wai aikin me kuke yi?"

"Mutane muke koya wa tafiya a cikin kwamfuta, Hajiya."

"Sun iya?"

"Ɗaya ya ƙi."

"Kun ba shi abinci?"

Motar ta kwashe da dariya, har direba. Nkiru ta ce ba mu gwada wannan ba tukuna.

A kan iyaka, bayan Jibiya, na yi abin kunyata na farko. Aka ce kowa ya fito da katin shaida da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Kowa ya nuna ya fita, saura ni. Na zazzage jakata a kan tebur: turare, carbi, alƙalami, cincin ɗin Mama, babu kati. Jami'in mutumin kirki ne, sai cewa yake, "A hankali, Malama." Amma fasinjojin motarmu duk suka dawo suka tsaya a bakin ƙofa, har suka tare hasken ɗakin. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma wallahi da faɗan aka yi da ya fi mini sauƙi. Wani dattijo mai ciwon ƙafa yana tsaye a rana saboda ni. Wata mai goyo tana jijjiga ɗanta tana murmushin haƙuri. Na buɗe aljihu ɗaya sau ba adadi.

Nkiru ce ta ce daga baya, "Littafin waƙoƙin da kike karantawa fa?"

A ciki na sa katin don in gane inda na tsaya, littafin kuma yana mota. Da na juya zan ɗauko, sai da na ce wa masu jirana su ba ni hanya.

Bayan mun tashi na ce mata a hankali, "Yau na ji abin da mai tulu yake ji."

"Shi ai ba ya karanta waƙa," in ji ta.

Maraɗi kamar ka shiga gidan gwaggonka ne: komai ka sani, amma an sauya wa kayan ɗaki wuri. Hausa ce dai, sai dai makaranta ta koma lakwal, asibiti ya koma likita. Gaisuwarsu doguwa ce, mu Kanawa da muke ganin mun iya gaisuwa sai da numfashinmu ya ƙare, mai gida tana kan tambayar gajiya da zafi da mutanen da muka baro. Muka sauka a gidan da Hajiya ta saba sauka, tsakar gida mai faɗi da darbejiya a tsakiya. Aka kawo fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Da safe kuma burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, cikinsa laushi kamar auduga. Nkiru ta ce in aka kai shi Sabon Gari da shi za a riƙa rabon faɗa.

A gidan ne sauran matan ayarin Hajiya suka same mu, 'yan kasuwa da suka daɗe suna bin hanyar Yamai tare. Cikinsu akwai Atine, 'yar Maraɗi, siririya mai saurin ƙafa, ba ta rabuwa da goro. Da la'asar muka buɗe kwamfuta a gindin darbejiya muka gwada wata dabara, wato masu garkuwa su riƙa matsawa gefe in sun hango mai tulu. Sai suka riƙa matsawa cikin junansu, ƙofar ta ƙara cushewa. Atine ta leƙo ta kafaɗata, ta ga ɗan siririn yana juya kai shi kaɗai a fili.

"Wayyo, bawan Allah," ta ce. "Ba shi da kowa ne?"

"Ga su can suna jiransa," na ce.

Ta taɓe baki ta tafi abinta. Nkiru ta rufe kwamfutar ta ce, "Saura Yamai."

Motar Yamai babbar bas ce, kowa da lambar kujerarsa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ba ta jiran a cika. A wajenmu mota ce ke zaman jiran mutane, a can in lokaci ya yi ko kana ɗaure takalmi tashi take. A hanya akwai shingayen jandarma. Kowa ya sauka ya miƙa kati, a taka a ƙasa a wuce shinge, a tsaya ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar a aji. Wannan karon katina a cikin safa na sa shi, bisa umarnin Hajiya.

A Birnin Ƙonni na yi abin kunya na biyu, wanda ya fi na farko. An tsaya sallah a gefen kasuwa, yaron mota ya ce bas za ta je gyaran taya, a same ta a harabar kamfani a ɗaya gefen gari, nan za a ci abinci a tashi. Na idar da sallah ina bin bayan mata, sai idona ya faɗa kan albasa. Ku yi dariya, na yarda. Amma ban taɓa ganin irinta ba: an tsiba ta tuli-tuli, launinta kamar shadda mai ruwan makuba da aka buga ta sha bugu, rana tana zamewa a jikinta. Na ce bari in tsaya kaɗan. Gaba da ita ga masu tabarmi, gaba da su ga wani tsoho yana ɗinkin jakar fata. Da na ɗago kai babu gyale ɗaya da na sani.

Wayata ba ta da layin ƙasar. Sai na yi abin da 'yan mutanen wasanmu suke yi: na ƙiyasta inda bas take, na zaɓi hanya mafi kusa, na miƙe. Lungu na farko ya kai ni bayan wani gida. Na biyu ya ƙare a garken awaki. Na dawo, na rasa ta inda na shigo. Na tsaya a wata mararraba ina duban hagu da dama, na tuna bas ɗin da ba ta jiran kowa, na tuna Nkiru da kwamfutar da kwafin nan biyu, na tabbata in na rasa motar nan shi ke nan mai tulu ya tafi. Ina tsaye ina haɗiye kuka sai na ji an ja gyalena.

"Ɗiyar Alhaji, kin gama kallon?"

Atine ce, ita kaɗai, goro a kumatu.

"Yaya aka yi kika gan ni?"

"Na bi ta inda ya fi kyan kallo. Albasa, tabarmi, mai jaka, ga ki. Taho mu tahi. Kada ki dubi komi, ƙafata za ki duba."

Ba ta yi mini kwatance ba, ba ta tambaye ni dalili ba. Na kafa ido a dugaduganta masu jan lalle, inda ta ɗaga nan nake sawa. Muka ratsa ta cikin wani shagon hatsi, muka fita ta bayansa, hanyar da ko shekara zan yi ina lissafi ba zan gano ta ba. A hanya take gaya mini al'adarsu ce: kowane zango akwai wadda ake kira 'yar baya, bi da bi suke yi. In wata ta makara, ita kaɗai ke komawa. Yau ita ce.

Ina ta shirya fuskar da zan shiga da ita, ina jiran idanu irin na kan iyaka. Da muka shiga harabar sai na ga matan zaune a kan tabarma a inuwa suna gardamar wane zane ne ya fi tafiya bana. Wata tana can tana sa yaran mota su sake ɗaure dilolin da na tabbata lafiyarsu ƙalau. A tsakiyar tabarma ga babban kwano a rufe da faifai. An bar gurbi biyu. Ba wadda ta ɗago ta dube ni. Na zauna, Atine ta zauna, Hajiya ta ɗaga faifan ta ce, "Bismillah," ta ci gaba da maganar zanenta. Dambu ne da zogale da ƙuli. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, ko da yake rabinsa da hawaye na haɗiye.

Sai a cikin bas Nkiru ta ba ni nata rabin labarin, bayan ta gama zagina ƙasa-ƙasa. Ta ce da aka ga ba ni, ta zabura za ta koma, Hajiya ta riƙe mata hannu ta ce, "Ke kin san garin ne? In kin koma biyu muka rasa. Zo ki kama mana wuri." Suka shiga, suka shimfiɗa tabarma, suka sayi abinci, kowa ta wanke hannu. Ta ce yunwa kamar ta kashe su amma ba wadda ta taɓa faifan. Da ta tambaya, aka ce ba a buɗewa sai an cika.

"Ni kuma Atine ba ta bar ni na nemi hanya ba," na ce. "Cewa ta yi in bi ƙafarta."

"Mu kuma ba mu tsaya a ƙofa ba."

Muka dubi juna. Bas tana gudu, tsohuwar da ke gabanmu tana minshari. Na ga maganin matsalar mai tulu ya zo mata kamar yadda ya zo mini, sai kuma na ga fuskarta ta rufe.

"Obinna cewa ya yi kowa ya jira."

"Ai jira kuka yi, Nkiru. A ciki kuka jira."

Ta juya tana kallon taga. An ce akwai raƙuman dawa a hanyar bayan Dosso, ni dai ban ga ko ɗaya ba, fuskarta nake kallo a gilashi. Can ta ce, "Wa zai koma?" Na ce wanda ya shiga ƙarshe, shi ya fi kusa da ƙofa, kuma sawunsa bai goge ba. Ta ce, "Hm." A wajen Nkiru wannan amincewa ce.

Yamai gari ne mai faɗi da zafi, kogi ya raba shi biyu. Zabarmanci ya fi yawa a kunne, amma in ka yi Hausa a kasuwa za a amsa maka. Muka rabu da su Hajiya a tasha bayan ta ja wa mai tasi kunne ya kai mu har ƙofa. An sauke mu a wani masaukin ɗalibai, ɗaki mai gado biyu da fanka mai kukan tsohuwar keken ɗinki. Wata Bazabarma mai suna Hadiza, cikin masu shirya taron, ita ta riƙa kula da mu tana yi mana tafinta. Abin da na lura, da rana ta take sai gari ya yi tsit, a rufe shaguna a kwanta, ba kamar Kano ba da ko rana za ta narka kwalta ciniki ake. Ga kuma shayi a ƙananan kofuna, zagaye uku, kuma wai rashin ladabi ne ka sha na farko mai ɗaci ka tashi ba ka jira mai zaƙi ba.

A wannan shirun na rana muka yi aikin. Muka sa masu garkuwa su shige ciki su zagaye rijiya, su bar ƙofa da siririn layi a buɗe. Muka zana zobe a kan rijiyar wanda zai fara cika da zarar sun shiga, amma ya tsaya saura ƙiris, ba zai haɗe ba sai mai tulu ya ɗebi ruwa. Wannan shi ne faifan. Sannan na ƙarshen shiga ya riƙe jerin gidajen da ya taka, ya bi su da baya har inda mai tulu yake. Daga nan mai tulu ya daina lissafi, ya bi sawu. In an toshe hanyar, mai garkuwa ne zai nemo wata don su biyun.

Gwajin farko, duk masu garkuwa suka fice tare suka bar rijiya ba kowa. Gwaji na biyu mutum ɗaya ya fita yadda muke so, ya yi tafiyarsa cikin natsuwa, ya je ya ɗauko mai tulun abokan gaba ya rako shi har bakin rijiyarmu. Na manta ban gaya masa wane mai tulu ba. Nkiru ta yi dariya har ta zamo daga gado, tana cewa, "Wannan ɗan Fagge ne, kowa baƙonsa ne." Daga dariyar ta zarce da kuka, na bar ta ta yi, fanka tana taya ta.

Zuwa ranar nuni abin yana aiki, amma ba kullum ba. Wani lokaci mai komawa yakan yi ɗan zagaye marar dalili kafin ya kama hanya. A zauren taron Nkiru ta buɗe kwamfuta, ga kwafi biyu gefe da gefe. Na yi alkawari a raina ba zan ce komai ba, yayanta ne. Yatsanta ya daɗe a sama. Sannan ta buɗe na Obinna.

Wanda ya zauna karawa da ita wani dogo ne daga Bamako mai suna Sheku, yatsunsa kamar suna rawa. Hadiza ta bayyana masa dokokin, ya gyaɗa kai, nan da nan ya gane inda raunin yake. Ya bari masu garkuwan Nkiru suka shige, sai ya turo wani amalanke na cikin wasan ya toshe lungun da mai tulu zai bi. Ɗan siririn ya tsaya. Ya juya kai hagu, ya juya dama. Wani a baya ya yi dariya, wani ya taya shi. Na ji farcen Nkiru a hannuna ta ƙarƙashin tebur.

Sai ɗaya daga cikin masu garkuwa ya juya baya ya fito ta ƙofa.

Ya yi ɗan zagayen nan nasa marar dalili. Sannan ya miƙe, ya kewaye amalanken ta wani lungu, ya je gaban mai tulu ya tsaya. Suka juyo tare, babba a gaba, siriri yana bin sawu. Dariyar ta mutu. Sheku ya ce wani abu da ƙarfi ya tura mutanensa su tare su a hanya, Nkiru ta saki hannuna ta tura nata, mutane suka taso daga wasu tebura suna ihu da harsuna uku. Da ƙyar suka shiga. Mai tulu ya sunkuya ya zura guga, zoben ya haɗe.

Sheku ne ya ci wasan daga ƙarshe, kada in yi muku ƙarya, kuma ba mu dawo da wata kyauta ba. Amma bai tashi daga kujerar ba. Hadiza ta ce cewa yake a sauran wasanni a bakin rijiya ake faɗa, a namu faɗan ya koma kan hanya, wajen kare wanda ya fi kowa rauni, kuma yana so a sake bugawa. Da yamma Hadiza ta kai mu bakin kogi muka ci soyayyen kifi da yaji. A nan Nkiru ta buɗe kwamfuta a kan cinyarta ta goge kwafi na biyu, ta miƙo mini kan kifin da ta san ina so.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Ban ɓace ba. A Ƙonni Hajiya ta ɗaure bakin gyalena da nata, ta saya mini albasar don in kalle ta a gida.

Ranar Lahadi bayan su Nkiru sun taso daga coci na je Sabon Gari. Mama ta sa tabarau ta zauna gaban kwamfuta, Nkiru ta buga mata, ta toshe lungu da gangan don ta gani. Da mai garkuwa ya juya ya fito, Mama ta dafa ƙirji.

"Wa ya gaya muku?" ta ce.

Muka ce wa ya gaya mana me.

Ta ce lokacin suna firamare, in ciwo ya kama Obinna a hanyar makaranta, yaran layinsu sukan tsaya a kwana gaba ɗaya suna jiransa, don iyayensu sun ce kada a bar shi. Shi kuwa da ya hango su sai ya zauna a bakin kwata ya ƙi motsi. "Kunya yake ji. Ba ya tashi sai sun wuce, wannan ta dawo ita kaɗai ta juya masa baya ta ce ya riƙe jakarta." Ta nuna Nkiru da haɓa. "Ke ba ki tuna ba, kina ƙarama."

Nkiru ta ce ta tuna jakar, ja ce.

Mama ta ce a sake mata daga farko. Aka sake. Masu garkuwa suka shige, amalanke ya toshe lungu, ɗan siririn ya tsaya shi kaɗai a fili da tulunsa yana juya kai hagu da dama. Mama ta matso har tabaraunta ya kusa taɓa gilashin, ta sa yatsa a gefensa a hankali.

"Kada ka damu, ɗana," ta ce. "Ga Nkiru nan zuwa."